Abin Da Ya Taɓa Fata, Ido Ma Yakan Yi Ruwa



Hausawa na cewa abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi. Yau muna so mu ja wannan karin magana zuwa kan fata, domin akwai wani ciwo da yake zaune a gidajenmu da yawa, wanda muke raba shi gida biyu alhali tushensa ɗaya ne. Za ka ga yaro fatarsa tana bushewa tana ƙaiƙayi, yana sosa bayan gwiwa da lanƙwasar hannu har sai ya fitar da jini. Shi ne kuma dai idonsa kullum ja, ko ya rine ya koma ruwan ƙasa, yana murza shi da bayan hannu, ba ya son hasken rana. Uwa ta saya wa fatar mai a wajen mai kayan shafe-shafe, uba ya biya kemis ya sayo maganin ɗigawa. Ba a gaya wa mai kemis zancen fata ba, ba a gaya wa mai man shafawa zancen ido ba. A haka ake kwashe shekaru.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: duk mai fama da ekzima ta gaskiya, musamman wadda ta hau fuska, a ɗauke shi a matsayin wanda idonsa yake buƙatar kulawa, a kai shi a duba idon tun kafin ya fara kuka da ganinsa. Maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid kuwa, kada ya shiga idonsa sai da sanin likitan ido. Abin da ake caca da shi a nan gani ne, kuma akwai hanyoyin da in gani ya bi ya tafi ba ya dawowa.

Kafin mu yi nisa sai mun warware wani ƙulli na suna. A Najeriya idan mutum ya ce yana da ekzima, galibi yana nufin fararen tabo ko baƙaƙe da suke fitowa a ƙirji da baya da wuya, wato ƙyasbi. Shi ƙyasbi wata ƙwayar cuta ce dangin fangas da take zaune a fatar kowa, in ta samu zafi da gumi sai ta yi yawa. Maganinsa daban, kuma babu ruwansa da alajin ido. Makero ma fangas ne. Ƙazuwa kuwa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne yake haƙa rami a cikin fata. Abin da likitoci suke kira ekzima ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce kirci, ko da yake makiyaya ma suna kiran wani ciwon fatar shanu da wannan suna. Mu da muke rubutu da fassara ya kamata mu kiyaye wannan bambanci. Idan muka ɗauko bayanin lafiya muka fassara ekzima da ƙyasbi, mun tura uwa ta sayo maganin fangas ga ciwon da ba fangas ba, mun kuma tsorata mai ƙyasbi da haɗarin da bai shafe shi ba.

Ita ekzima ta gaskiya ciwo ne na bushewar fata da ƙaiƙayi mai tsanani, wanda yakan fi tashi da dare. Takan lafa ta sake dawowa. Mafi yawan masu ita tun kafin su kai shekara 5 take fara musu, da yawa ma tun suna jarirai. A jariri takan fito a kumatu da kai, in ya girma ta koma lanƙwasar gwiwa da ta hannu da wuya da kewayen ido. Littattafan likitanci da dama suna cewa wurin yakan yi ja, saboda a farar fata aka fara siffanta ta. A fatarmu wurin yakan yi duhu ne, ko ya yi toka-toka, ko ya fito da ƙananan ƙuraje kamar fatar kazar da aka fige, in an daɗe ana sosawa kuma ya yi kauri ya yi kanta. Ba a ɗaukar ta a wajen wani, ba ta hanyar tufafi ba, ba ta hanyar cin abinci a kwano ɗaya ba.

To mene ne ya haɗa ta da ido? Amsar tana cikin wani karin maganar: sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Fata bango ce. Aikinta ta riƙe ruwan jiki a ciki, ta tare ƙura da ƙwayoyin cuta a waje. A jikin mai ekzima wannan bango yana da tsaga. A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee da ke Sikotilan suka nuna cewa tawaya a ƙwayar gadon da take sarrafa wani sinadari mai suna filagirin, wanda yake taimakawa wajen liƙe saman fata, tana cikin manyan abubuwan da suke jawo ciwon a tsakanin Turawa. Irin tawayar da suka gano ba ta da yawa a 'yan Afirka, amma tsagewar bangon tana nan a jikin mai ekzima ko da ta wace hanya ta samu. Ta wannan tsaga ruwa yake fita fata ta bushe, ta nan ne kuma ƙurar gida, da ƙananan ƙwarin da suke zama a katifa da filo waɗanda ido ba ya gani, da garin furen ciyawa, da gashin kyanwa suke shiga.

Da sun shiga sai garkuwar jiki ta ɗauke su abokan gaba, ta ƙera musu wani makami da ake kira IgE, wanda aka gano a tsakanin 1966 da 1967 a Amurka da Suwidin. Wannan makami ba ya tsayawa a fata. Yana bin jini ya je ya maƙale a jikin wasu ƙwayoyin tsaro da suke jibge a hanci, da hanyoyin numfashi, da siririn tantanin da ya lulluɓe farin ido da cikin fatar ido. Duk ranar da ƙurar nan ta sake sauka a ido, sai ƙwayoyin su fashe su saki histamin da 'yan'uwansa, nan take ido ya yi ja, ya kumbura, ya kama ƙaiƙayi da hawaye. Shi ya sa ake yawan samun ekzima da asma da murar atishawa da ƙaiƙayin ido a jikin mutum ɗaya, ko a rarrabe cikin zuriya ɗaya: kaka tana da asma, uba yana atishawa duk safiya, jika yana sosa fata yana murza ido.

Likitoci sun daɗe da lura da wannan. A 1906 wani likitan yara a Biyana, Clemens von Pirquet, ya ƙirƙiro kalmar alaji. A 1923 Arthur Coca da Robert Cooke a Amurka suka sanya wa wannan hali na gado suna atofi, daga kalmar Girkanci mai nufin abin da ba ya wurin da ya dace. A 1952 wani likitan ido, Michael Hogan, ya siffanta wani ciwon ido mai tsanani da ya gani a jikin masu ekzima. Akwai ma wata dangantakar da ta girmi duk wannan. Tun ɗan'adam yana cikin mahaifa, saman fata, da saman koniya, wato garai-garai ɗin murfin da ya rufe baƙin ido kamar gilashin agogo, da lensin da ke cikin ido, duk daga shimfiɗa ɗaya aka fitar da su. Fatar ido kuma ita ce fata mafi siranta a duk jiki. Abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba.

Alajin ido hawa-hawa ne, kuma ba mu son mu tsorata kowa da abin da bai kai ba. Mafi yawansa mai sauƙi ne: ƙaiƙayi da hawaye da suke zuwa da wani yanayi, ko su riƙa zuwa jefi-jefi duk shekara. Yana damun mutum amma ba ya taɓa gani. Iri biyu ne suke da haɗari, domin suna kai wa koniya hari.

Na farko na yara ne, ya fi kama maza, yakan fara kafin shekara 10. Ya fi yawa a ƙasashe masu zafi da bushewa da ƙura, irin Yammacin Afirka da Gabas ta Tsakiya da gaɓar Bahar Rum, don haka mu a nan muna tsakiyar gonarsa. Alamarsa ƙaiƙayi mai tsanani, da kwantsa mai yauƙi da take jawuwa kamar zare, da gudun haske. In likita ya juya fatar ido ta sama yakan ga ƙulle-ƙulle a jere kamar an shimfiɗa duwatsu. A yaranmu sau da yawa gefen baƙin ido ne yake kumbura ya yi kauri da 'yan fararen ɗigo, farin idon kuma ya rine ya zama ruwan ƙasa. Gaskiya ita ce ba kowane yaro mai wannan ciwo ne yake da ekzima ba, da yawa ba su da ita. Amma wanda yake da ekzima ko asma ya fi zama cikin haɗarin samun sa. Yawanci yakan lafa bayan balaga.

Na biyu shi ne wanda Hogan ya siffanta, kuma shi kusan duk masu shi suna da ekzima. Yakan fara ne a ƙarshen ƙuruciya ko bayan shekara 20, ya daɗe tare da mutum shekaru masu yawa. Fatar ido takan yi kauri ta tsattsage, gashin ido ya zube ko ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido, ƙarshen gira ya ƙwaƙule saboda susa, ƙasan ido ya yi duhu da ninki. A ciki kuma tantanin ido yana yin tabo a hankali, koniya ta yi gyambo, jijiyoyin jini su ratso cikinta, daga nan sai hakiya.

Abin da yake mayar da ƙaramin ciwo babba sau da yawa hannun mai ciwon ne. Ƙaiƙayi yana sa murza, murza tana fasa ƙwayoyin nan su ƙara sakin histamin, ƙaiƙayi ya ƙaru. Kaurin koniya bai wuce kusan rabin milimita ba. Idan aka shekara da shekaru ana danna ta da gaɓar yatsa, tana iya yin laushi ta sirance ta turo gaba ta yi tsini. Wannan shi ne keratokonas, kuma ya fi bayyana a samari da 'yanmata. Mai shi zai ga rubutun allo yana rabuwa biyu, fitilar mota tana jan wutsiya, a yanka masa gilashi bana, baɗi ya daina yi masa aiki. In an gano shi da wuri akwai aikin da aka ƙirƙiro a Dresden ta Jamus, wanda ake ɗiga sinadarin ribofilabin a haska wani haske na musamman don a ƙarfafa koniyar ta daina lalacewa. In an makara sai dai dashen koniya, wanda ba kowa ne yake samun sa ba a wajenmu. Bayan wannan, masu ekzima mai tsanani a fuska sukan yi yanar ido tun suna matasa, kuma likitoci, musamman a Japan, sun ba da rahoton ɓallewar shimfiɗar bayan ido mai ɗaukar hoto a jikin waɗanda suke yawan murza ido da marin fuska don su kashe ƙaiƙayi. Fatar da ta tsage kuma masauki ce ga ƙwayoyin cuta. Ƙwayar da take kawo ƙurajen zazzaɓi a leɓe, in ta samu fuskar mai ekzima tana iya bazuwa cikin 'yan kwanaki har ta shiga ido.

Yanzu mu zo kan maganin da ya fi ruɗar mu. Akwai magungunan ɗigawa da in an sa wa irin wannan ido, kwana ɗaya ko biyu sai ya washe, ƙaiƙayi ya tsaya cak. Sirrinsu sitiroyid ne. A jikin kwali za ka ga an rubuta dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone, sau da yawa a haɗe da wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. Da yake yana aiki kamar yankan wuƙa, in ya ƙare ciwo ya dawo sai a ɗauki tsohon kwalin a koma kemis a ce a ba da irinsa. Wata ya zama shekara.

Tun a shekarun 1960 binciken Armaly da Becker a Amurka ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 3, idan aka yi makonni ana ɗiga masa sitiroyid mai ƙarfi, matsin ruwan da ke cikin idonsa yakan hau, wasu 'yan kaɗan kuma ya hau sosai. Yara sun fi manya saurin kamuwa. Matsin lafiyayyen ido yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci. In ya haura ya daɗe a sama sai ya riƙa kashe jijiyar gani, wato gilakoma da muke kira hawan jinin ido. Ba ta ciwo, ba ta ƙaiƙayi, daga gefe take fara cin gani, kafin mutum ya farga ta yi nisa, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Sitiroyid yana kawo yanar ido, yana kuma hura wutar gyambon koniya in akwai fangas ko ƙwayar ƙurajen nan da muka ambata. Man shafawa ma bai tsira ba. Mayukan da ake sayarwa da sunan suna maganin kowane ciwon fata, da wasu mayukan bilicin, suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin clobetasol. In ana shafa su a kewayen ido na tsawon lokaci, siririyar fatar nan ba ta iya tare su. An gudu ba a tsira ba.

Kada a fahimce mu a baibai. Sitiroyid ba guba ba ne, yana cikin magunguna mafi amfani da likitoci suke da su. Akwai lokacin da in ba a sa shi ba koniya za ta yi gyambo, akwai kuma iyayen da tsoronsa ya sa suka bar fatar 'ya'yansu tana ruruwa, yaro ba barci ba karatu. Bambancin yana ga wanda ya zaɓi ƙarfin maganin, ya ƙayyade kwanakinsa, ya auna matsin ido, ya kuma san ranar da za a janye shi a hankali. Mai kemis, komai kyakkyawar niyyarsa, ba shi da na'urar auna matsin ido, ba shi da fitilar da ake leƙa koniya da ita. Sannan akwai magungunan da ake iya daɗewa a kansu ba tare da wannan haɗari ba, irin sodium cromoglicate da olopatadine, da kuma ciclosporin da tacrolimus ga ciwo mai tsanani, waɗanda likita ne yake tsara su.

Mun san za a yi mana musu, kuma masu musun suna da abin faɗa. Wani zai ce alaji ciwon Turawa ne da 'ya'yan masu kuɗi. A shekarun 1990 an gudanar da wani babban bincike na duniya kan asma da alaji a yara, mai suna ISAAC, a ƙasashe 56. A rukunin 'yan shekara 13 zuwa 14, alamomin ekzima sun kama daga ƙasa da kashi 1 cikin 100 a Albaniya zuwa sama da kashi 17 cikin 100 a Najeriya, inda aka yi aikin a Ibadan. Mu ne a sama. A Arewa kuma ga hunturu da yake tsotse danshin fata, ga hazo da ƙura, ga hayaƙin itace a madafa, ga turaren wuta a ɗakin da taga take rufe.

Wani zai ce ai yaro yana girma zai bar shi. Sau da yawa hakan ne. Amma ƙaiƙayin ne yake tafiya da girma. Tabon da ya bari a koniya, da tsinin da murza ta yi mata, da jijiyar da magani ya kashe, waɗannan suna nan tare da shi har tsufa. Shekarun da ake jiran ya girma su ne shekarun da ake yin ɓarnar.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi da nisa. Likitocin ido sun yi kaɗan, na fata sun fi su ƙaranci, mafi yawansu kuma suna manyan birane. Mutumin ƙauye sai ya biya mota, ya bar aikinsa, ya kama layi tun asuba, alhali kemis yana bakin layinsu. Wannan gaskiya ce, kuma nauyi ne a kan hukumomi su kai ma'aikatan ido asibitocin ƙananan hukumomi, su kuma sa ido kan yadda ake sayar da magunguna masu sitiroyid ba tare da takardar likita ba. Amma mu lissafa. Ba cewa muke a je asibiti duk mako ba. Zuwa ɗaya na farko don a san wane iri ne, sannan a riƙa komawa lokacin da likita ya sa. A haɗa kuɗin kwalaben da ake saya wata-wata na shekara uku, a ɗora kuɗin aikin yanar ido, ko maganin gilakoma na har ƙarshen rayuwa, sai a ga wanne ya fi araha. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi ma suna da sashen ido.

Ko a ƙasashen da suke da yalwar likitoci an koyi wannan darasi. A 2017 Amurka ta amince da wata allura mai suna dupilumab, wadda take kwantar da ekzima mai tsanani fiye da yadda aka saba gani. Sai aka lura cewa kumburin tantanin ido yana cikin illolinta da suka fi yawa a masu ekzima, alhali masu asma da aka yi wa allurar ba su cika samun hakan ba. Idon mai ekzima dama a shirye yake ya harzuƙa. Abin da ya biyo baya shi ne likitocin fata suka ƙara tambayar marasa lafiyarsu halin da idonsu yake ciki, suna tura su wajen likitocin ido. Abin da muke roƙo ke nan a nan gida: in ka je wajen mai duba fata ka ambaci ido, in ka je wajen mai duba ido ka nuna masa fatar, ka kuma tafi da duk kwalabe da bututun man da aka taɓa amfani da su.

Akwai kuma wata cutarwar da ba a rubuta mata magani. Saurayi mai rinannen ido a garuruwanmu ana yi masa kallon ɗan shaye-shaye, malami ya tsare shi a makaranta, in ya je neman aure a yi ta ƙus-ƙus. Yarinya mai kanta a wuya da hannu ana ce mata ƙazama, ƙawaye su ƙi zama kusa da ita, wani lokaci a ce jifa ne aka yi mata, a yi ta yawon neman makari ana barin ciwon yana ci. In ido ya yi ja kuma sai a ce Afolo ne a kore yaro daga aji. Shi Afolo, wanda ya fara ɓulla a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa da take wucewa cikin mako ɗaya ko biyu. Jan idon da ya yi watanni yana ƙaiƙayi ba shi ba ne, kuma ba ya kama kowa. Mu ma da muke riƙe da alƙalami muna da hannu wajen ƙarfafa ko rage wannan zato, duk lokacin da muka mayar da jan ido shaidar mugun hali a labari ba tare da mun tuna cewa akwai dubban yara da alaji ne ya rina musu ido ba.

Abin da za a iya yi a gida ba shi da tsada. A riƙa yin wanka gajere da ruwa mai ɗumi kaɗan, da sabulu marar ƙarfi marar turare, a bar dirzar wurin ciwo da soso. Da an fito, jiki da sauran danshi, a shafa mai mai kauri, man kaɗanya tsantsa ko basilin, a maimaita da rana, musamman da hunturu. A yanke wa yaro farce, a sa masa tufafin auduga. In ido ya tashi, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora a kan idon a rufe na 'yan mintuna, wannan yana kwantar da ƙaiƙayi ba tare da murza ba. A wanke fuska in an dawo daga cikin ƙura, a riƙa shanya katifa da filo a rana, a nisanta mai ciwon da hayaƙi. A dakatar da kwalli in fatar ido tana ciwo. Nonon uwa, da ruwan sukari, da ruwan albasa, da ruwan ganye, kada ko ɗaya ya shiga ido. Dukan yaro don ya daina murza ido ba ya hana shi, sai an kashe ƙaiƙayin hannu zai sauka.

Akwai alamomin da ba a kwana da su: zafi mai tsanani a cikin ido, kasa buɗe ido a haske, raguwar gani, farin ɗigo a kan baƙin ido, ƙuraje masu ruwa da suka taru a fuska kusa da ido tare da zazzaɓi, ko ganin walƙiya da wani duhu kamar labule yana saukowa. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya nufi asibiti a ranar. Wanda kuma ya riga ya daɗe yana ɗiga maganin kemis, ya duba kwalin yau. In ya ga ɗaya daga sunayen da muka lissafa, ya ɗauke shi ya kai wa likitan ido, ya roƙi a auna masa matsin idonsa, likitan ya nuna masa yadda zai janye shi.

Da wuya a rasa mai irin wannan ciwo a danginmu ko a unguwarmu. Mu duba ƙannenmu da 'ya'yan 'yan'uwanmu, in mun ga mai sosa fata yana murza ido, mu gaya wa iyayensa cewa ciwo ɗaya ne, a kai shi a duba. Muna kuma so mu ji daga gare ku, musamman 'yan'uwanmu na Sakkwato da Katsina da Zariya da Damagaram: da wane suna ake kiran wannan ciwon fata a wajenku?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana ganinmu. Sai mako mai zuwa.